Yadda Za Ka Hau Dutse Don Lafiya Ba Ka Tsallake Gidan Burkutu Ko Ɗaya Ba

Kai mai tumbi, kai da malamin asibiti ya ɗaura wa roba a dantse ya matsa ya girgiza kai, matso kusa. Idan ka bi abin da zan faɗa maka, na ɗaukar maka alkawarin abu uku: tumbinka zai sauka, matarka ba za ta tafi ba, giya kuma ba za ta daina bin maƙogwaronka ba. Ba a littafi na samo ba. A jikin maƙwabcina Vandi na gani, telan nan mai shago a bakin kasuwar Mogode, kuma yana nan da ransa, je ka tambaye shi.

Vandi ya yi shekaru a kan keken ɗinki, ƙafa kaɗai ke motsi, har ciki ya fara isa ga keken kafin hannu. Matarsa Kwanye kuwa ita ce mai giyar da ta fi ta kowa a unguwarmu. Ranar Litinin, ranar da take sayarwa, ko dutsen zama ba ka samu a tsakar gidan. Da yayansa Zira ya faɗi a gona ɓarin jikinsa ya shanye, Kwanye ta ja Vandi asibiti, aka ce jininsa ma ya hau. Suna dawowa ta kife ƙwaryar shan giyarsa a kan danga.

Ta ce, “Baban Tizhe, na ga yadda matar Zira ke juya shi kamar buhu tana goge masa baki. Ni ba zan iya ba. Ranar da na ji warin giya a bakinka, tawa ko ta wata, zan ɗaure tukwanena in koma gidan yayana.”

Mu Kapsiki mun san matanmu. Mace ba ta faɗin irin wannan sau biyu, sai dai ka tashi ka ga gurbin tukwane a murhu. To, ga yadda Vandi ya yi, ga kuma yadda za ka yi.

1. Karɓi maganar asibiti hannu biyu

Za su ce ka riƙa hawa dutse. Kada ka yi musu. Mai musu ake sa wa ido. Vandi ya sayi takalmin taya, ya yanko sanda, ya ɗinka wa kansa gajeren wando mai aljihu har a gwiwa. Asabar da safe ya tsaya a ƙofar gida yana miƙa yadda duk layin zai gani.

“Maman Tizhe, na tafi neman lafiya.”

“Allah Ya sa ka same ta,” in ji Kwanye, ko ɗagowa ba ta yi daga wankin dawa ba.

2. Zaɓi dutsenka da hankali

Dutsen da babu gidan giya a kansa na awaki ne, bar musu. Nemi wanda hanyarsa ke bi ta ƙofar mata masu dafawa. Alamar ba ta ɓoyuwa: kara a kafe a bakin hanya, ƙoƙo a kife a kansa, ma'ana yau tukunya ta nuna.

Ka kuma san ranaku, domin kowace mace da ranarta, ba mai shiga ta maƙwabciyarta ta kusa. Ranar mace kuwa ba ta faɗuwa. Ko ciwo ya kwantar da ita, 'yar uwarta a sana'a za ta dafa mata ta kai, don kada masu shanta su watse. Riƙe wannan, zan dawo kansa.

Dutsen da ke bayan unguwarmu Allah ne Ya tsara shi don masu ƙishi. Ranar Asabar, gidan Masi na gindi, gidan Kuve na tsakiya inda numfashi ke fara yankewa, gidan tsohuwa Kwata na can ƙoli, ƙarƙashin kuka, inda kake hango har ƙasar Najeriya idan idonka bai riga ya rufe ba.

3. Ɗanɗano ba sha ba ne

Kowace mai giya dole ta ba ka ɗanɗano kafin ka saya. Ta kurɓa tukuna don ka san ba ta zuba komai ba, ta miƙo maka ƙoƙon. Haka muka tarar, ba wanda ya isa ya hana. Kai naka shi ne ka ɗanɗana, ka yi shiru kamar mai tunanin duniya, ka ce za ka duba na gaba ka dawo. Mutumin da bai sayi giya ba, ta yaya za a ce ya sha giya? Ya dai taimaka wa mata su san matsayin aikinsu.

Asabar ta farko Masi ta hango shi yana haki tun bai fara hawan ba.

“Tela, ina za ka da wannan randar a gaba? Ko ta sayarwa ce?”

“Likita ya aiko ni.”

“Wurina?”

“Ya ce in bi dutse. Gidanki a kan dutse yake ko a kan ruwa?”

Ta yi dariya ta cika masa ƙoƙo.

4. Yabo ne ke kawo ƙoƙo na biyu

Ƙoƙo ɗaya haƙƙinka ne, na biyu sai da baki. Ka ce wa ta gindi tata ta fi ta tsakiya ƙarfi. Ka ce wa ta tsakiya tata ta fi ta gindi ƙamshi. Ta ƙoli kuwa ka ce mata don ita kaɗai ka hawo, sauran ratse ne. Idan akwai dafaffiyar gyaɗa, yabe ta ita ma.

Vandi ya ƙware a wannan fiye da ɗinki. Tsohuwa Kwata, wadda giyarta ta fara tsami tun da kafaɗa ta hana ta juya tukunya yadda ya kamata, har ajiye masa dutsen zama take yi a inuwa.

“Ɗana, kai kaɗai ke faɗin gaskiya a dutsen nan. Waɗannan sai su sha su ce ta yi tsami.”

“Kaka, bakinsu ne ya yi tsami.”

Amma ga gargaɗi, kuma da babbar murya nake yin sa: gwada ta wannan da ta waccan yadda ka so, kada ka taɓa sako ta gidanka a ciki.

5. Koma gida da shaidar wahala

Kada ka shiga gida fes. Tsaya a rijiyar gindin dutse ka jiƙa bayan riga. Bi ta cikin ciyawa ƙarangiya ta kama wando. Wari kuwa, ɗanyar albasa ce maganinsa, ka tauna guda sukutum har hawaye su zo. Idan matarka ta tambaya, ka ce wani tsoho ya ce tana sauke jini. Kullum akwai wani tsoho da ya ce wani abu.

Vandi ya yi rani guda a haka. Ya shigo yana ɗingishi, ya zube a tabarma, Kwanye ta kawo masa ruwan zafi ya gasa ƙafa. Wani abin mamaki, gajiyar ba ta ƙarya ba ce, domin gidan Kwata ba ya saukowa ya tarye ka. Igiyar wandonsa ta fara yin saura. Kwanye ta ga haka ta fara sa masa nama biyu a miya, shi kuma idan ya kalle ta sai naman ya tsaya masa a wuya. Wannan ba komai ba ne, ka kora da ruwa.

6. Riƙa duba murhun gidanka

Nan ne Vandi ya yi sake. Ranar wata Alhamis ya ga Kwanye ta ɗora manyan tukwane a wuta, alhali ranarta Litinin ce. Bai tambaya ba. Asabar da sassafe ya ji ta ce za ta gaida mara lafiya, ta fita da jarka a ka. Bai tambayi wane ne ba shi da lafiya ba, murna ma ya yi, yau ba sai ya yi miƙa a ƙofa ba.

Ya ɗanɗana na Masi, ya yaba, ya ƙara. Ya ɗanɗana na Kuve, ya yaba, ya ƙara. Ya iso ƙoli rana ta take, ya tarar da gindin kuka cike da mutane fiye da kullum, tsohuwa Kwata na zaune kafaɗa a ɗaure da zane. Randar na bayan zana, wani hannu ne ke miƙo ƙoƙo ta gefe, tsohuwa ta kurɓa ta ba mai sha.

Vandi ya kurɓa. Wannan karon shirun da ya yi ba na dabara ba ne. Ya sake kurɓa, ya lumshe ido, ya ji abin ya sauka har tafin ƙafa.

“Kaka, me kika yi wa giyar nan?”

“Ta yi tsami ko?”

“Tun da uwata ta haife ni ban sha irinta ba.”

Da ya tsaya nan, da ya tsira da rabin mutuncinsa. Amma ƙoƙunan Masi da na Kuve suna ciki suna aiki, ga kuma na biyu da yake hange.

“Kin san ta gidana da ake ta zuzutawa? Ruwan wankin kwano ce a gaban wannan.”

Wani ya ajiye ƙwaryarsa a hankali don ya ji da kyau. Zana ta motsa, Kwanye ta fito da ludayi a hannu, tana goge ɗayan a zani.

“Sannu da neman lafiya, Baban Tizhe.”

“Maman Tizhe. Ashe nan ne mara lafiyar.”

“Nan ne. Wacce ce ruwan wankin, in sani in gyara? Wadda na dafa a gida, ko wannan da na dafa a gida?”

Tsohuwa Kwata ta yi dariya har ta riƙe kafaɗa. “Ɗana, ashe kai ma bakinka na rabewa. Watanni kana ce mini tawa ta fi.”

7. Idan an kama ka, kada ka gudu

Ba inda za ka, dutse ne, kuma ka sha. Kwanye ta koma bayan zana ta ci gaba da aikinta har randa ta ƙare. Vandi ya sauko shi kaɗai. Ya wuce rijiya bai jiƙa riga ba. Albasar ma a aljihu ta kwana.

Washegari ya fito ya ga abin da yake tsoro. Tukwane a ƙofar gida, an ɗaure su da igiya, ludayi da abin tace giya a cikin ƙaramar. Maƙwabta duk mun sami aikin yi a bakin danga. Ni ina gyaran fartanyar da ba ta lalace ba.

A irin wannan wuri dabara ta ƙare, sai gaskiya, kuma ka yi ta a durƙushe. Vandi ya durƙusa da gajeren wandonsa.

“Maman Tizhe, na sha. Duk Asabar na sha. Duk yabon da na yi a dutsen nan ƙarya ne don ƙoƙo na biyu. Sau ɗaya na faɗi gaskiya, jiya, ban kuma san taki ba ce.”

“Ruwan wankin fa?”

“Wannan Masi da Kuve ne suka yi magana da bakina.”

Ta dube shi, ta dubi igiyar wandon da ta zagaye shi ta yi saura. Ta daɗe tana kallon igiyar nan.

“Tashi ka ɗauki babbar.”

8. Abin da aka ce ka ɗauka, ɗauka

Ya ɗora babbar tukunya a ka, ita ta ɗauki ƙananan, tana gaba yana baya, mutum na raka matarsa gidan yayanta da kayanta a kansa. Yana tafe yana jan hanci. Da suka iso mararraba, inda hanyar gidan yayan ta yi dama, Kwanye ta yi hagu, ta kama hanyar dutse.

“Maman Tizhe, ba nan ba ce hanyar.”

“Kafaɗar Kaka ba yau za ta warke ba. A can zan riƙa dafa mata, na gaji da hawa da jarka. Dawa da itace kuma ba su da ƙafa. Tunda kana son dutse, ga dutse.”

Tun daga ranar Vandi ke hawa, ba Asabar kaɗai ba, yau buhun tsiron dawa a ka, gobe ƙunshin itace, Kwanye na biye da shi taku da taku. Yana bi ta ƙofar Masi, yana bi ta ƙofar Kuve, bai tsallake ko ɗaya ba, sai dai ba ya tsayawa.

“Tela, ba ɗanɗano yau?”

“Likita ya hana,” in ji shi, ba ya ko waiwaye, don likitan na bayansa.

A ƙoli, ranar Asabar, Kwanye kan kurɓa ta miƙo masa ƙoƙo ɗaya, ƙarami, da hannunta. Ya yabe ta da duk kalmomin da ya sani, na biyu bai taɓa zuwa ba. Malamin asibiti ya daina girgiza kai. Wandunansa duk ya rage musu ƙugu da kansa.

To, ka gani. Tumbi ya sauka, mata na nan, giya na bin maƙogwaro. Abu uku na ce, abu uku aka samu. Ban ce maka ƙoƙo nawa ba.

Sai dai ka sani, ni ba likita ba ne, ba kuma alƙali ba. Idan ka zame a dutse, ƙafarka ce. Idan albasa ta ƙona maka ciki, cikinka ne. Idan kuma kun iso mararraba taka matar ta yi dama, kada ka zo mini ƙofar gida da tukunya a ka. Zan ce ban san ka ba, in ci gaba da gyaran fartanyata.