Sitaci a Nafkin ɗin Radiya

"Lafiya lau, mai gidana. Sai dai ganinka da rana tsaka haka ba alheri ba ne."

Haka Hajiya Sailuba ta amsa gaisuwar jikanta Sagiru, ko ɗagowa ba ta yi daga tsinkar zogalenta ba. Ya tsuguna a ƙofar ɗakinta nan unguwar Kwarbai, da baho a hannu an lulluɓe da tawul.

Ga yadda abin yake. Matarsa Ibtisam ta haihu kwana goma ke nan, aiki aka yi mata, likita ya hana ta sunkuyo. Jaririyar kuma, Radiya, fatarta ba ta shiri da famfas, sai nafkin na yadi. Surukarsa Hajiya Lami ta so ta kwashe su zuwa gidanta da ke Tukur-Tukur su yi arba'in a can, Sagiru ya rantse shi zai iya komai. Ta ce to, ranar Asabar bayan la'asar za ta zo ta gani da idonta. Yau Asabar.

Ya yaye tawul ɗin. Tsohuwa ta ɗauki nafkin ɗaya, ta juya shi, ta kafa shi a ƙasa. Ya tsaya cak da kansa.

"Wannan allo ne za ka kai ta makaranta, ko murfin tukunya ka kawo mini?"

"Nafkin ne, amarya. Idonki ne ya tsufa."

"Idona ya tsufa, kunnena fa? Ji yadda yake ƙara kamar kwali."

Da kyar ya faɗi gaskiya. Yadda yake wanke shaddarsa ta ofis haka ya yi musu: omo, bula, sitaci mai kauri, ya bi da guga har da kari. Duka dozin biyu. Da aka ɗaura wa yarinyar ɗaya, fitsarin ya zame ta gefe kamar ruwa a kan kwano, cinyarta ta yi ja, tun safe take tsala kuka.

"Ai saura ka kai su gidan bugu, ka sa a yi musu aiki a wuya. In ya so ta yi kashin a cikin girma."

"Ni dai tsabta na yi. Ku a zamaninku da ganye kuka goge iyayenmu."

"Da ganyen aka goge ubanka, ga shi ya haifi mai digiri da ke sa wa gindi sitaci."

Ya ce tun da ita ce farfesa, ta faɗa masa yadda za a yi kafin la'asar, ba tarihi ya zo ji ba. Ta ce ai da sauƙi: ya tafasa ruwa ya jiƙa su, ya cuɗa da sabulun wanki kawai, ya ɗauraye sau uku, ya shanya a rana. Sagiru ya ɗaga kai. Hadari ya riga ya haɗo ta gabas, baƙi ƙirin.

Ya juyo wurinta a marairaice.

"Kaka, in matar nan ta tafi da su, wata guda ke nan sai dai in riƙa ganin 'yata a waya."

"Au, yau ni ce Kaka? Ina amaryar?"

"Na sake ki. Ba ki da amfani."

"Sakin wanda bai iya wankin kashi ba ai hutu ne."

Ta miƙe tana dafa bango ta shiga ɗaki. Sai ga ta da tsofaffin zannuwanta uku, sun sha wanki har sun yi laushi kamar auduga, da ɗan gwangwanin man kaɗanya. Ta kama bakin ɗaya da haƙori ta ɓarka shi gida huɗu, ta nuna masa yadda ake ninkewa. Man kuma ta ce a shafa wa cinyar kaɗan-kaɗan, a bar ta ta sha iska.

"Wannan tsumman zan nuna wa Hajiya Lami?"

"Lami da tsumma ta raini Ibtisam. Tana gani za ta san akwai babba a gidan. Da tsohuwar zuma ake magani, ɗan nema."

Sagiru ya tattara su ya rungume, dariya ta ƙwace masa.

"Na sallama. Na mai da ke ɗakinki, amarya."

"Ban dawo ba tukuna. Je ka hura wuta ka dafa allunan nan naka, in sun yi laushi ka turo magabatanka."