Yadda Za Ka Yi Arziki da Haihuwar Mutanen Illela

Kai mai son kuɗi ba da gumi ba, matso. Dabarar nan ba ta taɓa barin ɗaki ba kowa a ciki ba. Abdulbaƙi, mai sayar da taki a bakin kasuwa, ya bi ta daki-daki, kuma ga shi nan da ransa.

1. Daina zuwa suna don cin nama.
Je ka ƙirga kawuna. Abdulbaƙi in ya ji an raɗa wa jariri suna, mutane na shafa fatiha, shi yana raya wa ransa: ga ɗan haya nan ya iso. Mutane na ƙaruwa, ƙasa ba ta haihuwa. Riƙe wannan, ilimin ke nan duka.

2. Sayar da gonar gado.
Tasu tana Lafani, shi da yayansa Attahiru. Da ya kawo maganar, Attahiru ya tambaye shi:

"In an sai da ta, mi za mu ci?"

"Yaya, bulo ba ya tsoron fari, ba ya tsoron tsuntsu. Riba ni da kai ce."

Kai ma faɗi haka. Babban wa ba ya son a ce ya hana ƙane ci gaba.

3. Gina ɗakuna, ba gida ba.
Nemi fili ta hanyar Ƙonni, ka jera ɗakuna kamar akurkin kaji. Ban-ɗaki ɗaya ya isa. Layi da safe yana ƙara zumunci.

4. Cika baki.
Dukiyar da ba a sani ba, ina amfaninta? Abdulbaƙi ya tafi ɗaurin aure ƙauye da sabuwar shadda, ya ce ɗakunansa ko shi sai ya tsaya yake tuna yawansu. Dangi suka kasa kunne. Bai taɓa samun masu saurare irin na ranar ba.

5. Tarbi masu shigowa.
Fenti bai bushe ba Attahiru ya sauka daga a-kori-kura da iyali da awaki.

"Tunda ba gona, muka ce bari mu zauna kusa da ribarmu."

Sai Inna Fadimatu, ƙanwar mahaifinsu, ta zo ganin likita, ta warke, ta ce iskar Illela ta karɓe ta. Sai ɗanta ango, wanda ba a kai ga yi wa ɗaki ba. Kar ka tambayi kowa kuɗin haya. Wa ke karɓar haya hannun wadda ta goya shi?

Ran kasuwa wani bafataken albasa daga Nijar ya yi sallama, sefa cike da aljihu, yana son ɗaki na shekara. Abdulbaƙi ya zagaya gidan, kowace ƙofa da takalma a bakinta. Ya raka mutumin har titi.

6. Ciyar da jarinka.
Mai ɗaki shi ke da tukunya. Yanzu Abdulbaƙi kan auno hatsi a kasuwa da tsada, don bakunan da ya yi ta ƙirgawa su ma hatsin suke nema. Da matarsa Haula ta sauka, tagwaye, mata suka cika ɗakinsa, ta leƙo ta miƙo masa tabarma.

"Maigida, ga 'yan haya biyu na ƙaro maka. Zaure ba kowa."

Can yake kwana har yau. Lissafinsa bai yi kuskure ba ko kaɗan: mutane sun ƙaru.

Hattara: Wanda ya bi wannan ya ga ba daidai ba, shi da Mahaliccinsa, ba ruwana. Mai ƙorafi kuma kar ya biyo ni gida, ɗakin ƙarami ne, kuma Abdulbaƙi ya ce in na ƙara kawo baƙo zai tuna cewa dangantakarmu ta nesa ce.