Ɗan da ba ya fashin biki

Shekarun da na yi a Fatakwal, Malumfashi ba ta tsaya jirana ba. An sare darbejiyar ƙofar gidanmu, mai shayin bakin titi ya koma sayar da data, ɗakina ya zama ma'ajiyar buhunan masara. Ƙanwata Zuwaira kuwa, da na bari ko wanke-wanke ba ta iya ba, ta buɗe shagon haɗa hotuna da kwamfuta. Ina shiga falon Inna sai na gan ni cikin hotuna jere a jikin bango. Ga ni a ɗaurin auren Yaya Sagiru, ga ni a sunan 'yarsa, ga ni har a filin jirgi ana tarbar Baba daga Makka. Murmushi iri ɗaya, hannu a aljihu. Alhali ko ɗaya ban halarta ba.

Na ce, "Ke Zuwaira, yaushe na je wuraren nan?"

Ta ce, "Hoton nan ne da ka turo, Yaya, wanda ka jingina da motar mutane. JPEG ne, shi da bayansa yake tafiya, duk inda aka kai ka sai motar ta biyo ka. Shi ne na yanko ka, na adana ka a PNG. Shi babu komai a bayansa, ko'ina aka ɗora ka sai ka zauna daram. Da sallah ma GIF na yi, mai motsi, kana ɗaga wa dangi hannu. Gwaggo har cewa ta yi yaron nan ya yi hankali."

Ana saura mako guda bikin Zuwaira ƙafata ta fara ƙaiƙayi, wani abokina ya kira ni wai akwai harka a Kwatano. Na fito da jaka tsakar gida ina ninke kaya a hankali, ina satar kallon Inna da ke tsintar shinkafa. So nake ta roƙe ni in tsaya, ko sau ɗaya.

"Inna, gobe fa zan wuce. Dama ko anko ba a ɗinka mini ba."

Zuwaira ta leƙo ta ce, "An yi maka mana. Tun jiya na canza wa rigarka launi."

"Inna, kina ji? Ɗanki zai tafi ana bikin 'yarki, ba za ki ce komai ba?"

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Allah ya kiyaye hanya. Na wajen Zuwaira ya ishe ni. Shi dai inda na ajiye shi, nan nake samunsa."