Makullin Jirgin Lawban

Ranar wata Talata, ana dab da fara gasar Olamfik, da misalin ƙarfe huɗu na yamma, muna bakin kogi a Guangzhou: ni, da Lawban, ɗan Sin ɗin da nake sarin riguna a wurinsa, da Turawa biyu masu son sayen tsohon jirgin ruwansa. Suka ce sai sun gwada shi tukuna.

Na tabbatar wa Lawban cewa ba a damfarar Bakano. Don kada su gudu da jirgin, na lallaɓa na zare makullin injin, kamar yadda muke yi wa mai taya babur, na ɓoye shi a motar Lawban. Sannan na shiga jirgin na harɗe.

Turawan suka ja igiya, wani ƙaton ƙyalle ya buɗe, iska ta cika shi, jirgi ya tafi da mu. Ban iya iyo ba.

A tsakiyar kogi iska ta ɗauke. Jirgin kwantena ya doso mu yana ruri. Bature ɗaya ya daka tsawa, "Ina makulli?" Na rungume sandar jirgin ina kalmar shahada. 'Yan sandan ruwa ne suka janye mu.

Turawan ba su saya ba. Har yau in na shiga kasuwar Canaan ta Guangzhou sai wani ya ce, "Alhaji, ka zare makullin iska?"