Miyar da Na Zubar a Kwata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko na so in manta ma matan layinmu ba za su bar ni ba. Har yau in aka sauke tukunyar taushe a gidan biki a New Bell, unguwarmu a Douala, sai wata marar kunya ta ɗaga murya ta ce, "A kira Yaya ta ɗanɗana mana." Sai a kwashe da dariya. To, ni ce Yayar.

Abin ya faru ne a shekarun nan da muke kira lakiriz, lokacin da aka zaftare albashi, kuɗinmu ya faɗi, kamfanoni suka riƙa sallamar mutane. Maigidana, Allah ya jiƙansa, yana da rumfar atamfa a kasuwa, sai ya wuni ba wanda ya taya ko yadi ɗaya. Ludayina ne ya riƙe gidanmu. Duk bikin da za a ci masa a unguwa, ni ke yin miyar taushen. A sallame ni, in dawo da kwanon nama da 'yar shinkafa, yara su ci su ƙoshi. Har daga unguwar Ndogpassi mai nisa ana aikowa a ɗauke ni.

Kuma ina da sirri. Kayan ƙamshina a ɗaki nake haɗa su, ƙofa a rufe, in ƙulle su a farin ƙyalle da jan zare, in jefa cikin tukunya. Sai an zo rabon miya nake tsamo ƙullin in tafi da shi gida. Kowa ya san shi, ba wadda ta san abin da ke ciki. (Ƙanwata uwa ɗaya uba ɗaya ta taɓa tambayata, na ce mata citta ce kawai.)

Muna da ƙungiyar mata, uwar ƙungiyar kuwa Hajiya Dudu. Mijinta dillalin shanu ne, daga Ngaoundéré ake loda masa su a jirgin ƙasa, don haka lakiriz ta bi ta ƙofar gidanta ta wuce. Mace ce marar yawan magana, da haƙorin Makka a gefen baki. Ba ta ba da umarni, fuskarta muke karantawa. In ta karkatar da ɗaurin kallabi ranar Juma'a, kafin wata Juma'ar duk kawunanmu sun karkace. Ni da ban taɓa shiga aji ba, a karatun fuskar Hajiya ba wadda ta kamo ni.

Sai Aisatu ta dawo unguwa. Nan aka haife ta, kakanta yana cikin waɗanda suka fara kafa bukka a New Bell, amma ta yi boko, ta yi aikin buga takardu a wani kamfani bakin tashar jiragen ruwa, ta koma unguwar Cité des Palmiers da mijinta. Aka sallame su daga aiki su biyun, suka kwaso kaya suka dawo gidan gado. Madam ake kiranta. Tana da wata ƙatuwar kula shuɗiya mai hannu biyu, irin wadda ban taɓa mallaka ba, kuma don neman na cefane ita ma ta fara girkin biki.

A wani suna na ga Hajiya ta miƙa kwanonta an ƙara mata miyar Aisatu. Ta lashe cokali ta ce, "Hannun yarinyar nan da daɗi." Shekara da shekaru tana cin tawa, ban taɓa jin ko rabin wannan ba. Na riƙa bin gidaje ina cewa girkin Madam ba na Hausawa ba ne, kayan miyar matan ƙabilar Basa take zubawa, wa ya san abin da muke ci.

A taron ƙungiya na gaba na miƙe na kawo shawara. Na ce nama ya yi tsada, bai kamata a riƙa ba kowa tukunyar biki yana koyon girki da ita ba. Daga yau manya su ɗanɗana miya kafin a kai wa baƙi, wadda aka ƙi tata kuwa ta ajiye ludayi har Babbar Sallah ta zagayo. Ina magana ina kallon rufin kwano don kada a ce da wata nake. Hajiya ta gyaɗa kai. Duk ɗakin ya gyaɗa kai.

Ba a daɗe ba Adda Dija ta tashi aurar da 'yarta. Bafulatana ce daga Garoua, mijinta ya rasu, sai da ta sayar da keken ɗinkinta ta sayi naman bikin. Ta raba naman biyu, rabi ni, rabi Aisatu, kowa ta yi taushe a gidanta a haɗa. Taushe! Miyar da aka san ni da ita. Na karɓa, kuma ranar na yi miyar da ban taɓa yin irinta ba. Na zaɓi kabewa da kaina, na soya gyaɗa da kaina, yakuwa daidai misali. Na aika da tukunyar gidan biki, na tsaya na yi wanka na ɗaura zanen fita.

Ina isa aka tsuge da ruwa, irin na Douala da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ƙarar ruwa a kan rufin kwano. Na tarar manya sun zauna a ɗakin Adda Dija, a tsakiyarsu ga shuɗiyar kula a buɗe tana tururi. Na ce a raina, to, da ta Madam za a fara. Na gyara zama.

Hajiya ta ɗebo da cokali ta kai baki. Sai ta runtse ido ɗaya, ta dafe kumatu, ta ajiye cokalin a hankali. Ba ta ce uffan ba.

Ta kusa da ita ta ɗanɗana, ta saci kallon Hajiya, ta ce, "Kamar da ɗan tsami-tsami."

Ta gaba ta ce, "Ɗan? Ai wannan ta juya."

Wata ko haɗiyewa ba ta yi ba ta nemi wurin tofarwa. Ya Falmata, Babarbariya mai sayar da turaren wuta, ta ce ita tun daga bakin ƙofa hancinta ya faɗa mata, kunya ce ta hana ta magana.

Cokali ya iso kaina. A nan zan faɗi gaskiya, don ita ce ta fi yi min ciwo. Da miyar ta taɓa harshena, wani abu a cikina ya ce, ke, kin san wannan. Daɗi na ji, daɗin da na saba da shi. Amma ga idanu duk a kaina, ga Hajiya dafe da kumatu, ga shuɗiyar kula. Kafin miyar ta kai maƙogwarona, wallahi tallahi tsami na ji. Ba ƙarya na yi ba. Bakina ne ya bi sahun ɗaki.

Na ajiye cokali na gyara murya. "Ba tsami kaɗai ba," na ce. "Gyaɗar ba ta soyu ba. Kabewar ɗanya ce. Wadda ta dafa wannan ba ta taɓa tsayawa kusa da murhu ba, a takarda ta karanta miya. Wannan ko almuru ta yi ba a ba baƙo."

Daidai nan Aisatu ta shigo, zanenta jiƙe da ruwa. Ta dubi kular, ta dube ni. "Yaya, pardon, wannan miyar ai..."

"Riƙe pardon ɗinki. Manya na magana."

"Yaya, don Allah ki saurare ni, tukunyar..."

"Na ce ki yi shiru! Nan ba ofis ba ne."

Ta yi shiru. Yarinya ce mai tarbiyya, abin da ya ƙara kashe ni ke nan.

Adda Dija ta kama hannuna, idonta ya ciko. "Yaya, ko a mayar wuta a sake tafasawa? Naman nan kekena ne."

Na ce, "So kike a kwashi dangin ango zuwa asibiti? In ba wadda za ta iya, ni zan iya."

Na sunkuya na ɗauki kular nan da hannu biyu (nauyinta ya kusa karya min baya, amma ƙarfin hassada ba wasa ba ne), na fita cikin ruwa, mata na biye da ni. Na tsaya bakin kwatar da ke ƙofar gida na tuntsurar. Miya ta bi ruwa, nama yana tafiya tsoka-tsoka. Na ƙara ɗaga gindin kular don kada a ce na rage. Sai wani abu ya faɗo daga ƙasa, ya gangara, ya maƙale a jikin wani dutse.

Farin ƙyalle. Jan zare.

Sai na ji muryar Ya Falmata a bayana tana cewa, "Ikon Allah. Wannan ba ƙullin Yaya ba ne?"

Sai a lokacin Aisatu ta samu ta ƙarasa maganarta. An rasa babbar tukunyar dafa shinkafa, aka juye miyata a kularta da ta aiko tun safe, aka ɗora shinkafa a tawa. Tata miyar tana gida, ko saukewa ba ta yi ba.

Muka koma ɗaki, ni a ƙarshe, ruwa na ɗiga daga kallabina. Hajiya ta dube mu ɗaya bayan ɗaya ta ce, "Ni fa ban ce komai ba. Haƙorin nan ne, kwana biyu ba ya son zafi."

Ku zo ku ga juyi. Wadda ta ce ta juya ta ce ita dama ta ji daɗinta a ƙarshen harshe. Mai tofarwa ta ce ƙashi ne ya shiga mata. Ya Falmata ta ce mura take yi. Na ɗan samu ƙarfi na ce, to tunda miya lafiyarta lau, maganar ajiye ludayi ba ta taso ba.

Hajiya ta ce, "Mai miya ta ɗanɗana ta ce ta lalace. Wa ya fi ta sani? Kuma doka taki ce."

Duk ɗakin ya gyaɗa kai.

Ban gama haɗiye wannan ba wata ta shigo da ƙullina a kan tsinke, ta kwance shi a gaban kowa. Ga kanumfari, ga kimba, ga masoro. Ga kuma pebe da njansan, kayan miyar matan Basa ɗin nan da na bi gidaje ina zagin Madam a kansu. Aisatu ta leƙa ta ce a hankali, "Ashe wurin mace ɗaya muke saye, Yaya."

Dangin ango sun ci masa da rabin miya, an tsinka ta da ruwa ta kai. Adda Dija ba ta sake amsa gaisuwata ba sai da 'yarta ta haihu. Ni kuwa na zauna a gida har Babbar Sallah, yara na tambayar ina kwanon nama. Da Sallar ta wuce ma ba a yi rububin kirana ba, don a lokacin kowane gida a layinmu taushensa ya koma irin nawa, manyan bukukuwa kuma sun saba da shuɗiyar kula.

Tun daga ranar, in aka miƙo min cokali, sai in juya wa mutane baya, in rufe ido, sannan in kai baki. Ba na duban mazubi, ba na duban fuskar kowa, balle ta mai ciwon haƙori. Haka na ɗanɗana ta Aisatu a biki ba sau ɗaya ba. Miyarta da daɗi. Ku na faɗa wa, ita ban faɗa mata ba, kuma kada wanda ya kai mata.