Limamin Taurari Ya Shiga Talabijin

Idan ana lissafin manyan Lahore, duk wanda ya tsallake Shafqat Gondal bai yi wa garin adalci ba. A ƙasa dai mai shagon tayil ne, amma a sama ba shi da na biyu. Shi ne shugaban ƙungiyar masoya Ayarin Taurari, wasan talabijin ɗin nan na jirgin da ke yawo tsakanin duniyoyi, wanda aka fara tun muna yara. Shi ya kafa ƙungiyar, shi ya zaɓi kansa, shi kuma ya fara yi wa kansa murna. Mu 'yan unguwa muna kiransa Limamin Taurari. Ya ɗauka girmamawa ce, mu kuma ba mu gyara masa ba.

Sai kamfanin da ke shirya wasan ya miƙa tsara labarinsa ga wata matashiya, Mehwish Durrani. Zuwanta ke da wuya ta aurar da Kaftin Zarrar, jarumin da ya tsufa yana kashe dodanni. Jirgin da ya saba ratsa wutar rana ya koma zauren sasanta surukai. Har mutum-mutumin ƙarfen da ke tuƙi ya faɗa soyayya, yana rera waƙa.

Mu ma abin ya yi mana ciwo, amma ciwonmu na talakawa ne, tsaki muka yi muka ci gaba da kallo. Na Gondal kuwa sai da aka kira taro. Ya hau benci a shagon shayin Liaqat, tumbi a gaba, yatsa a sama.

"'Yan'uwa, an ci amanar sararin samaniya! Ni na raini wasan nan kamar ɗan cikina. Daga yau na yi masa saki uku. Duk wanda ya ƙara kallo, kada ya gaishe ni."

Ya juya talabijin ɗin gidansa ta fuskanci bango. Matarsa Nighat ta koma kallo a maƙwabta. In ta dawo sai ya tsare ta da tambayoyi, wai don ya san girman ɓarnar.

Ana nan sai aka bugo masa waya daga kamfanin. Sun ji labarin ƙungiyarsa, suna so ya fito a wani kashi. Washegari liman ya sauya huɗuba.

"Matsalarku ba ku da zurfin tunani. Yarinyar nan haziƙa ce. Faɗa da dodo ai wasan yara ne, wanda ya zauna da suruka shi ya san yaƙi. Na ba ta shawarwari, ta karɓa hannu biyu."

Liaqat ya tuna masa da sakin nan. Gondal ya ce cikin fushi ya yi, kuma babu shaidu, alhali dukanmu muna wurin. Gwano dai ba ya jin warin jikinsa.

Ranar da za a nuna kashin, ya kafa rumfa a bakin titi, ya kawo ƙaton allo, aka sauke shinkafar biriyani tukunya-tukunya. Ya gayyaci kansila da abokan ciniki da dangin matarsa. Ya hakimce a gaba cikin sabuwar riga mai aikin zare.

Aka fara. Kaftin ya yi cacar baki da surukarsa. Mutum-mutumi ya yi waƙarsa. Shinkafa ta kusa ƙarewa, ba mu ga Gondal a allon ba. Can sai wata dabbar dakon kaya mai ƙafa shida ta ratsa ta bayan Kaftin, mutum uku a duƙe cikin rigar roba ɗaya.

Gondal ya zabura ya miƙe. "Ga ni nan!"

Kansila ya gyara tabarau ya tambaya a ina.

"Ƙafafun baya ne, ranka ya daɗe," in ji Nighat, ko kai ba ta ɗaga daga faranti ba. "Na gane tafiyar."

Kafin ta rufe baki, surukar Kaftin ta zabga wa dabbar tsintsiya, daidai inda shugabanmu yake. Rumfa ta ɗauki tafi. Shi kuwa ya dafa ƙirji ya rusuna, yana godiya.

Mako na zagayowa ya sake hawa bencin Liaqat, ya sanar da cewa yanzu kam wasan ya mutu murus, yarinyar nan ba ta san darajar masu basira ba. Muka je muka kunna don mu ga abin da ya faru. Dabbar ta yi farin jini, ta sake fitowa abinta. Sai dai yanzu ƙafarta huɗu.