Ƙaho a Kumatu

Shekarar da Allah Ya kira ni Hajji, aka nemi hoton fasfo. Na duba madubi, kumatuna sun cika shi. Na je wurin wanzaminmu a Fagam, na ce ya kafa ƙaho ya zuƙe kitsen.

Ya ce, "Allah gafarta Malam, ƙaho jini yake ja."

Na ce, "Kai dai kafa."

Washegari na isa Birnin Kudu, kumatu sun kumbura, kowanne da zobensa. Mai hoto ya ce, "Malam, a tofar da goron tukuna."

Da hoton nan na je Makka na dawo. Har yau Alhaji Kumatu ake kirana, ina amsawa. Amma ina nan kan bakana: wanzamin ne ya cire ƙahon da wuri.